Tsohon da Ya Ce Zara Ta Fi Wata

A kasuwar Maigatari, Zinariya mai daddawa ce kaɗai ta lura wani tsoho yana goge 'ya'yan itacensa da bakin rawani kafin ya jera su. Kaushin ƙafarsa irin na wanda ya taka ƙasa har Makka ne. Girman taurari yake kwatantawa: kabewa ce tauraron Mushtari, goruba duniya, magarya wata, aduwa kuma Zara. Mutum ɗaya yake nema ya yarda cewa Zara, aduwar nan, ta fi wata girma.

"Matar wata ta fi mijinta?" in ji Barau mahauci. "Malam, a gidanka ka gani!"

Barau ya murƙushe magaryar da ƙafa. Kowa na dariya, har Zinariya. Tsohon ya naɗe tabarmarsa, ya tambayi hanyar rijiya don ya sha ruwa ya yi gaba.