Wakena Ya Hau Jirgi, Na Baba Ya Dawo Gida

Tashi daga ƙauye

Ko ladan bai yi gyaran murya ba Baba ya tashe ni. Ranar ce za mu kai koren wake kamfanin da ke aika shi Turai. Su suka ba mu iri, da sharaɗin in ba su karɓi kayanmu ba, baɗi babu mu. Baba kuwa alkamarsa ya bari saboda waken nan.

Nasa ya ƙoshi, kowanne kamar yatsan ɗan dambe. Nawa na fangali ɗaya, wanda na shuka a makare saboda ƙwallo, siriri ne kamar tsinken tsintsiya.

"Tura abin kunyar nan ƙasan kwando," in ji Baba, "a rufe shi da na kirki."

Haka ake jera kaya a wajenmu tun kakanni.

Bunkure zuwa Kura

Akori-kurar Malam Sule muka hau. Rabin hanya ita ta ɗauke mu, rabi mu muka ɗauke ta. A Kura muka sha koko da ƙosai, ita kuma ta sha ruwa bokiti guda.

A shinge ɗan sanda ya zaro wake ɗaya yana juyawa.

"Wa zai ci wannan ɗanye?"

Na ce, "Turawa, ranka ya daɗe. Har ɓawon."

Ya girgiza kai don tausayinsu, ya ɗaga mana ƙarfe.

Kano

Da hantsi muka isa rumfar kamfani kusa da filin jirgi. A jikin allo sunan wani Alhaji ne, mutumin Kura. A bakin sikeli kuwa wani Bature ne ja kamar gauta, da fensir a hannu. Ya ɗauki waken Baba ɗaya ya gwada kaurinsa da fensirin.

"Babba. Ba kyau."

Baba ya ruga ofis, ina biye.

"Alhaji, ba kai ne mai kamfani ba? Yi masa magana mana!"

Alhaji ya rage fanka, ya rage murya. "Malam Idi, rabona ma ya fi nasa. Amma masu saye a can duk mutanensa ne. In ya yi fushi ya ajiye waya, wa na sani a Turai? Ni iyakata Jidda."

Muna fitowa muka tarar Bature ya kife kwandon gaba ɗaya, abin da ko maƙiyi ba ya yi maka a kasuwa. Ga abin kunya a fili. Baba ya rufe ido.

Bature ya ɗaga ɗan siririna kamar ya tsinci zinariya. "Wannan! Baɗi duka wannan!"

Komawa

Nawa kaɗai ya karɓa. Bayan la'asar muka shiga gida da waken Baba cif. Muka ci a miya, muka ci a dambu, har awaki suka soma juya mana baya.

Baba ya ce, "Baɗi kai za ka shuka."

"To sai a sayo mini sabuwar ƙwallo, Baba, don in makara sosai."

Takalminsa ya wuce ta gefen kunnena.

Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, ga Malam Sule da motarsa, da kuma duk wanda ya tauna wakena a Turai.