Ƙahon da Nassirou Ya Bari Aka Saya

Nassirou mutumin Damagaram ne, direban taksi a Washington. Shi da matarsa Rakia da 'yarsu ɗaya, Aminatou, suna zaune a hawa na huɗu na wani bene a Silver Spring. Mutum ne mai ƙarancin magana, ko a cikin mota ba ya kunna rediyo, har abokan aiki suna yi masa kallon ustazu. Ba wanda ya san cewa ɗan gidan mabusa ne. Mahaifinsa algaita yake busawa a gidajen biki, shi ma ya koya tun yana ƙarami. Amma ranar da wani ɗan ajinsu a lakol ya kira shi ɗan maroƙi a gaban jama'a, ya ajiye busa, ya daina ambaton sana'ar gidansu.

A shekarar 2006 Aminatou ta shiga aji shida, ta dawo gida da takarda daga malamar kiɗa, Malama Olive. An sa ta a ƙungiyar mabusa ta makaranta, kuma abin da ta zaɓa shi ne wani ƙahon tagulla mai naɗe kamar katantanwa, wanda ake kira French horn. Malamar ta rubuta cewa yarinyar tana da kunne, ya kamata ta samu nata na kanta. Nassirou ya karanta ya ajiye takardar gefe. Rakia ce ta matsa masa, ta ce a nan ƙasar duk yara suna yi, ba abin kunya ba ne.

Ranar Asabar da hantsi suka tafi wani shagon kayan kiɗa a Takoma Park. Mai shagon ya fito da guda biyu. Ɗaya tsoho ne, ya dushe, bakinsa ya ɗan loɓa. Ɗayan sabo fil, yana ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Aminatou ta zura hannun dama cikin bakin tsohon kamar yadda aka koya mata, ta hura. Wata murya mai kauri da laushi ta cika shagon, nan take Nassirou ya gane wannan ne mai kyau. Da ta hura sabon kuwa, ya ji iska na tsiyaya ta wani wuri, ƙasa-ƙasa, irin abin da kunnen mabushi kaɗai ke kamawa.

Ta juyo ta tambaye shi da Turanci wanne ya fi. Idonta na kan mai ƙyallin.

"Ni me na sani a kan busa?" in ji shi. "Ɗauki wanda kike so."

Ta ɗauki mai ƙyallin, ya biya. Ya san abin da yake yi. A ransa yana fata abin ya gundure ta da wuri.

Haka kuwa aka yi, sai dai ba da wuri ba. Kusan shekara biyu tana fama. Kullum in ta dawo makaranta sai ta shige ɗaki tana hurawa har leɓenta ya kumbura, muryar na tsinkewa a wuri ɗaya. Malama Olive ta taɓa aiko da saƙo a kai ƙahon a duba shi. Nassirou ya ce zai kai, ya bar shi a bayan mota mako guda, ya dawo da shi yadda yake. A aji takwas aka mai da ta kujerar ƙarshe a cikin mabusan, ta zo ta ce masa ita dai ba ta iya ba, ta daina. Ba ta yi kuka ba. Shi ya kasa cin tuwonsa a ranar.

Aminatou ta girma ta karanci haɗa magunguna, ta samu aiki a Baltimore. A 2018 ta zo gaishe su tare da mijinta, tana ba mijin labari cikin dariya yadda ta addabi maƙwabta da wani ƙaho a yarinta.

"Baba ya yi haƙuri da ni sosai," ta ce. "Ko sau ɗaya bai ce in yi shiru ba."

Nassirou ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sai Rakia ta shigo da shayi. Ya karɓi kofinsa, ya tambayi surukin nasa ko hanya da cunkoso.