Ciyawar da Ba Ta Shan Ruwa

Orshi mutumin Tibi ne, daga wani ƙauye kusa da Assakio. A gidan mishan ya koyi aikin lambu, wurin wani Fada da bai yarda a dasa ko albasa ba sai an ja igiya. A 1977 ya shigo Lafiya, lokacin garin yana cikin Jihar Filato. Alhaji Ƙasimu, ɗan kwangila a Bukan Sidi, ya ɗauke shi aiki, ya ba shi ɗaki a bayan gareji.

Jar ƙasa ce zalla a tsakar gidan. Orshi ya ɗauko saiwar ciyawa a buhu daga mishan, ya dasa ɗaya-ɗaya, taƙi guda tsakaninsu. Bokiti arba'in yake ja daga rijiya kowace safiya ta rani. Shekara goma sha shida yana haka, har baƙi kan cire takalmi kafin su taka.

A 1993 Alhaji ya dawo daga Legas da ɗan yankin ciyawar roba, irin wadda ake shimfiɗawa kamar darduma.

"Baba Orshi, zo ka ga ƙanwarka," in ji Alhaji. "Ba ta shan ruwa, ba ta son aski, ba ta ciwon baya."

"Kuma ba ta cin tuwo sau uku," in ji matarsa, Hajiya Batulu.

Aka yi dariya, har da Orshi. Sannan ya ce, "Alhaji, to ni fa?"

"Gyara mata fili tukuna. In ya yi kyau, ɗakinka yana nan."

Orshi ya ja igiya ya auna: ƙafa arba'in da biyu tsawo, ashirin da takwas faɗi. Kwana huɗu ya yi yana sassabe ciyawarsa da fartanya. Da ya ga ƙasar tsirara, sai hannunsa ya yi abin da ya saba. Ya farfasa ta, ya kwaso kashin shanu daga ruga ya barbaɗa, ya ba ta ruwa. Ya san roba ce za ta zo, amma bai taɓa miƙa wa wani abu mai suna ciyawa ƙasa mai yunwa ba.

Motar da za ta kawo robar ta yi jinkirin mako uku. Ruwan farko ya sauka, fili ya tashi kore shar.

Mahmuda, wanda zai shimfiɗa robar, ya zo dubawa. Ya tsuguna, ya shinshina ƙasar.

"Wa ya zuba taki a nan? Alhaji, wannan ɗaga robar za ta yi. Sai an kashe ta har saiwa."

Alhaji ya sa aka mirgino duro biyu na baƙin mai daga gareji.

"Baba, kai ka raya ta, kai za ka kashe ta."

"Alhaji, in an zuba wannan, ƙasan ya mutu. Shekara goma komai ba zai fito ba."

"Abin da nake nema ke nan. Ko ɗakin ya ishe ka?"

Orshi ya ɗauko bokitan da yake ban ruwa da su. Ya ja igiya don kada layi ɗaya ya tsere masa, ya bi a hankali yana zubawa. Kafin azahar filin ya yi baƙi ƙirin. Alhaji ya zagaya sau biyu, ya ce aiki ya yi kyau.

"Sai dai Mahmuda yana son ɗaki mai makulli da zai ajiye robar in ta iso. Ka kwashe kayanka kafin la'asar."

"Ka tafi da bokitan," in ji Hajiya. "Ai sun lalace."

A motar Assakio fasinjoji suka yi ta matsawa saboda warin mai. Orshi bai kula ba, hannunsa yana cikin aljihu, yana dafe da 'yar saiwar da ya ciro a kusurwar ƙarshe kafin ya zuba mata mai. Da hannun mai ya ciro ta, da shi ya riƙe ta har gida.

Ya dasa ta a bayan ɗakin ƙanensa, ya ja igiya ko da yake layi ɗaya ne. Mako biyu yana ba ta ruwa. Ba ta fito ba.