Rishon da Ya Kasa Ɗaukar Tukunyar Tuwo

Duk wanda ya ba da labarin rishon nan a garinmu bai faɗi daidai ba. Wasu sun ce ƙyuya ce ta sa na saye shi, wai 'yar sakandare ba ta son hayaƙi ya taɓa mata hijabi. Wasu sun ce a waya na gani na kwaikwaya. A wayar na gani, wannan gaskiya ne. Amma ba don hijabina na saye shi ba, don ƙirjin Inna ne.

Kowace shekara idan an gama girbi, Baba yakan karɓi aron fili a Watari ya yi noman rani, tumatir da albasa. Gida da nisa, don haka mukan kafa bukka a gefen gonar, ni da shi da Inna, sai an kwashe amfani mu koma. Inna ce ke dafa wa 'yan ƙwadago abinci. Itace kuwa babu. A wajenmu kowace bishiya da mai ita, ka karya reshe ka tsinci kanka a gaban mai gari. Da kara ake girki, shi kuma ba ya ci sai da mutum a bakinsa, yana turawa yana hurawa. Haka Inna ta yi ta yi har tari ya zauna mata. Da na ja ta asibiti, likita ya ce ta nisanci hayaƙi. Ta ce masa to. Muna fitowa ta ce, "Shi a gidansu da me ake dafa tuwo?"

Na sayar da akuyata na shiga birni. A shagon masu sayar da rishon gas iri biyu na tarar. Akwai mai babbar silinda da kan girki a samanta. Na ɗaga ta na dire. Daga titi zuwa gonarmu babur ba ya shiga, kan kunya ake bi, ruwa dama ruwa hagu, kaya a ka. Duk ranar da gas ya ƙare sai an fito da ita an mayar, kuma ni ce mai ɗaukar, don tun a gida Baba ya ce hannunsa ba zai taɓa bam ba.

Ɗayan kuwa ɗan mitsitsi ne, ana naɗe ƙafafunsa ya shige tafin hannu, a ɗora shi a kan ɗan gwangwanin gas.

Mai shagon ya ce, "Hajiya, wannan fa na matafiya ne, masu kwana a daji."

"Ni ba Hajiya ba ce, kuma a dajin nake kwana."

"Mutum nawa za a dafa wa?"

"Malam, mara nauyi na ce ka ba ni."

Ya ba ni. Ko da na tsaya na lissafa masa mutanen, babbar dai ba za ta rage nauyi ba.

Washegari da safe na ɗora ruwan shayi. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi ko kaɗan. Inna ta matso tana leƙe. "Ikon Allah," ta ce, "wuta ba toka." Baba yana can bakin kunya yana ɗaga murya, "Ke, matsar da abin nan daga jikin bukka!" Rabon da in ga Inna ta sha shayi ba ta goge ido da bakin zani ba har na manta.

Sai aka zo tuwon rana. Na ɗora babbar tukunya. Iska ta yi ta kaɗa wutar, na kare da tabarma. Da ƙyar ruwa ya tafasa, na yi talge, ya nuna. Saura tuƙi. Wanda ya ƙera rishon nan bai taɓa ganin ana tuƙa tuwo ba. Ba juya cokali ba ne. Sai tukunya ta zauna daram a kan duwatsu, ka kama muciya da hannu biyu, ka sa ƙarfin kafaɗa. Ina danna muciyar ƙafar rishon ta lanƙwashe, tukunya ta kife, tuwon ya bi ƙasa.

Daidai lokacin 'yan ƙwadago suka fito daga cikin albasa, da yunwarsu. Wani dogo a cikinsu ya tsaya a kan tuwon yana kallo.

"'Yar boko, yau tururuwa kika gayyato?"

Wani ya ce, "Baba, a miƙo mana gwangwanin mu lasa."

Na ce duk wanda ya matsu ya durƙusa ya ci. Suka yi ta dariya. Inna ta tashi ta jawo kara, ta gyara duwatsun murhu, ta durƙusa tana hurawa, tana tari, tana hurawa.

Na miƙe ƙafar rishon da dutse, na ci gaba da dafa mata shayi a kai. Ba a jima ba gwangwanin ya ƙare. Na kai wa mai ɗura gas a bakin titi, ya jujjuya shi ya miƙo mini. Ya ce irin wannan ba a ɗura shi, jefarwa ake yi a sayi sabo, sabon kuma sai birni. Ba ni da wata akuyar.

Bayan nan ne wata rana na ga Inna ta yi tari ta tofar, ta yi sauri ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe. Na riga na ga launinsa. Na ce, "Inna, mene ne wancan?" Ta ce goro ne. Inna ba ta cin goro.

Ban tsaya gardama da ita ba. Na sami Baba yana ban ruwa, na ce masa idan motar tumatir ta zo Inna za ta bi ta gida, can matar yayana ce ke girki. Ya ce wa zai dafa wa mutane? Na ce ni. Na san abin da kara ke yi wa mutum, a gabana ya yi wa Inna. Amma nawa ƙirjin sabo ne, zai ɗan jima. Motar na tsayawa da kaina zan ɗora ta, ko tana so ko ba ta so, in dawo in zauna a bakin murhun.