Tudun bayan gari

Ɓarayi sun kore shanunmu, ban bar Tamawa ba. Mijina ya rasu, ban bari ba. Sai ga ƙirjina yana neman ya fitar da ni.

Da damina na faɗi a gona. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ɗora ni a babur sai asibiti a Dutsin-Ma. Likita ta manna mini wani abu kamar murfin kwalba a ƙirji, ta hagu. Ta ce yana sauraren zuciyata, ya gaya wa wayar da ta ba ni, waya ta gaya mata. In ta ga abin da ba ta so, to zaman ƙauye ya ƙare, sai gidan ɗana. Shi kuwa har ya share mini ɗaki.

Gidana babu sabis. Duk mai son kira sai ya hau tudun bayan gari. Na ce ba za a ce na ɓoye ciwo ba. Kullum bayan la'asar in ɗaure wayar a bakin zane, in hau ina haki, in jira ta aika, in sauko.

Ranar da muka koma, likita ta dube ni.

"Inna, me kike yi da la'asar? Kullum zuciyarki kamar za ta tsinke."

"Gonar nan ce," in ji ɗana. "Na faɗa mata."

"Rufe mini baki. Da hantsi nake noma." Na juya wajen likita. "Saƙonki nake kai miki kan tudu."

Ta kama baki. Dariya ta zo mata, ta danne.

"Inna, wayar ce ke bukatar hawa, ba ke ba! Tana ajiye komai har ta samu sabis."

"Ai ba ki faɗa ba."

Ta sake duba saƙon wayar, na hantsi, ta daɗe. Ta ce ciwon yana nan, ba wasa. Magani kullum, fartanya kaɗan-kaɗan, tudu kuwa kada in ƙara.

"Inna, ki zauna mana," in ji ɗana. "Ga ɗaki."

"Zuba masara a ciki."

Yanzu maƙwabciyata ke tafiya da wayar in za ta kira mijinta da ke ci-rani. Maganin ina sha. Geron bana da hannuna na yanke shi, ina yi ina hutawa. Ranar da zuciyar ta gaji, a gidana za ta same ni.