Kujerar Bayan Gauraka

Duk Haɗeja an san Bunu da abu guda: shi ne direban Gauraka. Gauraka mota ce baƙa, doguwa, mai tsuntsun azurfa a goshi, wadda wani Bature mai sayen fatu ya sauke daga jirgin ƙasa a Malam Madori kafin yaƙin Hitila. An ce ko a Ingila irinta ba su da yawa. Bunu ɗan masunta ne, a kwale-kwale ya buɗe ido, amma tuƙi ya karɓe shi har Baturen ya sakar masa sitiyari.

Wata damina, Baturen yana Kano, naƙuda ta zo wa Aisa matar Bunu da gardama a ƙauyen iyayenta, can cikin fadama. Ya ɗauki motar ba izini, ya kwantar da ita a kujerar baya, ya nufo asibiti. Da ya iske ruwa ya shafe hanya sai ya bi burtali, don tun yana yaro aka koya masa inda saniya ta haye mutum ma zai haye. Bai tuna kofato ya riga ya kwaɓa lakar ba. Gauraka ta kafe har bakin ƙofa. Kafin a samo kwale-kwale Aisa ta cika, da abin da ke cikinta. Kabarinta ma ambaliya ta shafe shi daga baya.

Baturen ya kore shi, ya sayar wa Alhaji Mala, dillalin busasshen kifi, gawar motar. Ta yi shekaru a gindin tsamiya, kaji na ƙwai a cikinta. Bayan yaƙi aka ji wani Bature a Kano yana neman irinta ruwa a jallo, sai Mala ya aika aka kirawo Bunu ya gyara ta.

Ya kwance injin ya wanke da kananzir, maƙera suka ƙera masa abin da tsatsa ta cinye. Sannan ya shiga ƙarƙashinta yana toshe kowace kafa da tsumma da kwalta.

"Bunu, mota na ba ka ko kwale-kwale?" in ji Mala.

"Alhaji, ruwa ba ya sallama."

Kujerar baya ce kaɗai bai taɓa ba, duk da fatarta ta tsattsage ta yi tabo. Injin kuwa ya tashi tun kaka, amma kullum sai Bunu ya gano sabon ciwo: yau birki, gobe fitila. Ya san ranar da ya ce an gama, ranar zai rabu da wuri na ƙarshe da Aisa ta kwanta.

Mala ba yaro ba ne, ya gane. Ya aike shi Malam Madori karɓo taya, kafin ya dawo dukawa sun lulluɓe kujerar da sabuwar jar fata.

"Alhaji, ina tsohuwar?"

"Na bar wa dukawa. Haba Bunu, ka huta haka nan mana."

Wataƙila tausayi ne, wataƙila ciniki. Shi kansa Mala bai tsaya rarrabewa ba.

Bunu ya je wurin Ja'afaru baduku. "Ayya Baba," in ji Ja'afaru, "mai kyan mun yi wa guguna faci da ita, Fulani sun saye. Sauran an zubar."

Da kansa Bunu ya tuƙa Gauraka zuwa tasha, ko tari injin bai yi ba. Baturen Kano ya sa tafinta ya tambayi tarihinta. Bunu ya faɗi wanda ya kawo ta da wanda ya saye ta, ya ce ta taɓa shiga ruwa. Ya koma gida a ƙafa.

Bai sake tuƙi ba, ya koma kamun kifi. Amma har ya tsufa, in ya ga makiyaya suna jan ruwa da guga mai faci sai ya tsaya yana kallo, har wani ya ce, "Baba, ƙishirwa kake ji?" Sai ya ce e, ya riƙe gugan da hannu biyu, ya daɗe yana sha.