Sista Hantsi, Mai Yaye Labule

Kafin ta ajiye jakarta, labule take fara yayewa. Haka Sista Hantsi take shiga ɗakin masu ciwon ƙirji a asibitin unguwarmu kowace safiya. Ta buɗe tagogi, ta bi gadaje tana sauraren numfashi, wanda ya iya tashi ta kora shi benci ya sha hantsi. Sunan ke nan ya bi ta. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa bakina ya ƙi shiru.

Yayana tela ne. Shagonsu a ƙarƙashin bene yake, babu taga sai fitila, ya shiga da sassafe ya fito bayan magariba, shekara da shekaru. Mura ta zagaye telolin, kowa ya warke, shi ta sauka masa a ƙirji. A gida Inna ta yi abin da aka saba: ta toshe taga da tsumma, ta lulluɓe shi da bargo, kada iska ta buge shi. Da muka kai shi asibiti ko sunansa ba ya iya ƙarasawa, numfashi kamar ana jan zarto.

Sista ta ɗaura masa oksijin, ta kira likita, aka ɗebi jini. Washegari ta shigo ta tarar da ɗakin a rufe ruf.

"Wa ya rufe min taga?"

"Ni ce," in ji Inna. "So kike iska ta ƙarasa min ɗa?"

"Inna, ɗan nan naki mutum ne ko jemage?"

Ba wanda ya yi dariya sai wani tsoho a gadon ƙarshe, shi ma tari ya katse shi. Sista ta zauna kusa da Inna, ta ce gwaji ya nuna bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai a jikinsa, sinadarin da fata ke samarwa in rana ta taɓa ta.

"Ban ce shi kaɗai ya kayar da shi ba. Amma gidan da ba ƙyaure, ɓarawo ba ya shan wuya."

Na miƙe zumbur. "To mu fitar da shi rana yanzu!"

"Zauna, sarkin gaggawa. Rana ba allura ba ce. Yau oksijin ne da maganin likita, sauran sai addu'a. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba."

Da la'asar numfashin ya ƙara sarƙewa. Lokacin tashin Sista daga aiki ya yi, ta ɗauki jaka, ta dube shi, ta mayar ta ajiye. Ita ta riƙa gyara masa kwanciya tana kiran sunansa, ni ina zarya a baranda.

Sista, ke ce ba ki ruɗe mu ba, ba ki kuma bar mu ba. Ke ce kika tallafo shi ranar da aka cire masa oksijin, yana jan ƙafa har benci. Inna ta biyo ku da bargo a hannu, ta tsaya, ta naɗe shi ta zauna a kai.

Yanzu yana shan ƙwayar da likita ya rubuta, telolin kuma sukan fito ƙofa su sha hantsi kafin su hau keken ɗinki. Tsumman tagarmu ya koma na goge ƙasa.

Mun gode, Sista, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Wadda za ta gaje ki kuwa, kafin ta ajiye jaka, don Allah ta fara da labule.